Darasi: Daga Chitti Na Fim Zuwa Mutum-mutumin Da Ke Bin Layi A Tsakar Ɗaki

Duk mai kallon finafinan Indiya zai tuna da Chitti, mutum-mutumin da jarumi Rajinikanth ya fito a matsayinsa a fim ɗin Enthiran na shekarar 2010, wanda ke haddace littafi cikin daƙiƙu kuma ya yi faɗa da rundunar 'yan sanda shi kaɗai. Kafin shi an yi Terminator a 1984, an yi WALL-E a 2008. Irin waɗannan finafinai sun sa matasa da yawa na ɗaukar cewa ƙera mutum-mutumi, ko saƙago kamar yadda wasu ke kiransa, aiki ne na manyan kamfanoni kawai. Alhali kuwa ɗalibin sakandare mai wayar Android zai iya haɗa nasa da kayan da ba su cika leda ɗaya ba.

Asalin kalmar da ma'anarta

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato robot, ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. da marubuci Karel Čapek na ƙasar Cek ya wallafa a 1920. Tushenta shi ne robota, wato aikin tilas. Tunanin kuwa ya girmi kalmar nesa ba kusa ba: tun a 1206 injiniya Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa da ya bayyana na'urori masu motsi da kansu ta hanyar ƙarfin ruwa.

A wajen masana, ba siffar mutum ce ke mai da na'ura mutum-mutumi ba. Abubuwa uku ake dubawa: ta iya jin abin da ke kewaye da ita ta hanyar sensa, ta yanke shawara ta hanyar ƙaramar kwamfuta, sannan ta yi motsi ta hanyar inji. Motar wasan yara mai rimot tana motsi, amma yaron da ke riƙe da rimot ne ke gani yana yanke shawara, don haka ba ta cika sharaɗi ba.

Yadda ya shiga makarantu

A 1967 Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya koyar a jami'ar MIT ta Amurka, shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro yaren kwamfuta na yara mai suna Logo. Daga baya suka haɗa shi da wata na'ura mai taya da suka kira kunkuru, yara na ba ta umarni tana zane a ƙasa. Hikimar ita ce yaro ya ga kuskurensa da idonsa, ya gyara da kansa. Kamfanin Lego ya ɗora a kan wannan tunani ya fitar da Mindstorms a 1998, ya daina yin sa a ƙarshen 2022.

Abin da ya karya farashi shi ne allon Arduino, wanda aka samar a 2005 a garin Ivrea na Italiya. Da yake tsarinsa a buɗe yake, kowane kamfani na iya ƙera irinsa, shi ya sa kwafinsa masu araha suka cika kasuwa. A Afirka ma akwai gasar ɗalibai ta PARC da Dakta Sidy Ndao ɗan Senegal ya assasa.

Kayan da ake buƙata

Aikin farko da ya fi dacewa da mai koyo shi ne mutum-mutumi mai bin baƙin layi. Ga kayansa:

1. Allon Arduino Uno guda ɗaya, shi ne ƙwaƙwalwa.
2. Sensar hasken infared guda biyu, irin TCRT5000, su ne idanu.
3. Ƙananan injina biyu masu giya, kowanne da tayarsa, da wata taya ta uku mai juyawa kowane ɓangare.
4. Allon L298N mai sarrafa injinan.
5. Batir 18650 guda biyu da gidansu, waɗanda a jere suke ba da bolt 7.4.
6. Wayoyin haɗi, da falanki ko kwali mai kauri, da farin kwali, da baƙin salatif na masu wayarin.

Yadda yake ganin layi

Kowace sensa tana da ƙwai biyu. Ɗaya na fitar da hasken infared, irin na rimot ɗin talabijin wanda ido ba ya gani, ɗayan kuma na jiran hasken ya dawo. Farin kwali na mayar da hasken, baƙin salatif kuwa na shanye shi. Da wannan bambanci Arduino ke sanin abin da ke ƙarƙashin kowace sensa.

Ana ɗaura sensa ɗaya a hagun layi, ɗaya a dama, layin na tsakiyarsu. Daga nan sai dokoki huɗu:

Idan duka biyun na ganin fari, layin na tsakiya, tayoyin biyu su ci gaba.
Idan ta hagu ta ga baƙi, layin ya karkata hagu, sai tayar hagu ta tsaya, ta dama ta ci gaba har ya miƙe.
Idan ta dama ta ga baƙi, sai a yi akasin haka.
Idan duka biyun suka ga baƙi, an iso ƙarshen hanya, sai ya tsaya.

Waɗannan dokoki su ne dukan manhajar da za a rubuta. Arduino na maimaita duba su sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mai kallo ke zaton na'urar tana da hankali.

Inda waya ke shigowa

Rashin kwamfuta ba ya hana aikin. Shafin Wokwi na ba da damar gwada Arduino Uno a cikin burauza kyauta. Mai koyo na iya sa maɓalli biyu a madadin sensa, da ƙwan LED biyu a madadin injina, ya tabbatar dokokinsa na aiki kafin ya kashe ko sisi. Idan kaya sun zo hannu, manhajar ArduinoDroid na iya tura umarnin zuwa allon ta wayar OTG.

Kyamarar waya ma kayan gwaji ce. Wayoyi da yawa na nuna hasken infared a matsayin ɗan haske mai launin shunayya. Idan aka ba sensa wuta aka haska mata kyamara ba a ga komai ba, sai a gwada kyamarar da rimot ɗin talabijin. Idan ta nuna na rimot, matsalar daga sensa take ko daga haɗinta.

Kurakuran da ke jawo asara

Na farko shi ne haɗa inji kai tsaye da Arduino. Kowace ƙafa ta allon an yi ta ne don wutar da ba ta wuce miliyamfa 20 ba, kuma 40 ce iyakarta, inji kuwa na jan ɗaruruwa. Yin haka na iya ƙona allon. Aikin L298N ke nan: ya karɓi umarni daga Arduino, ya ɗebo wuta daga batir ya ba injina.

Na biyu shi ne mantawa da haɗa GND na Arduino da na L298N. Idan ba a haɗa su ba, injinan za su ƙi motsi ko su riƙa yin abin da suka ga dama.

Na uku shi ne gwaji a rana. Hasken rana cike yake da infared, don haka na'urar da ta yi lafiya lau a ɗaki za ta rikice a tsakar gida da tsakar rana. A yi gwaji a inuwa, a sauko da sensa kusa da ƙasa, kada tazarar ta wuce santimita ɗaya, sannan a daidaita ɗan sukurun da ke jikinta.

Na huɗu shi ne gudu. Idan ya cika sauri zai tsallake layi a kwana. Ana rage gudu da umarnin analogWrite, wanda ke karɓar lamba daga 0 zuwa 255, ta ƙafafun da ke da alamar ~ kamar 5 da 6.

Batir 18650 kuma na buƙatar kula. Kada a yi amfani da wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage, kada a juya kansa, kuma a yi cajinsa da cajar da aka yi dominsa, domin yana iya kama wuta.

Mataki na gaba

Wannan dabara ta bin layi ita ce tushen wasu kekunan da ke kai kaya da kansu a manyan masana'antu da ɗakunan ajiya. Wanda ya ga nasa ya zagaye layi ba tare da kuskure ba, sai ya ƙara masa sensar HC-SR04 don ya riƙa tsayawa idan ya ga cikas, ko HC-05 don ya riƙa karɓar umarni daga waya ta Bluetooth. A riƙa ƙara abu ɗaya a lokaci guda, a gwada shi, a rubuta abin da ya faru a littafi kafin a matsa gaba.