Land Rover: Tarihin Motar Daji Da Darasin Da Ke Cikinsa Ga 'Yan Kasuwa

Ran 29 ga watan Janairu na shekarar 2016 ne aka fito da mota ta ƙarshe ta tsohon samfurin Land Rover Defender daga masana'antar Solihull da ke kusa da birnin Birmingham a Ingila. Fitowarta ta kawo ƙarshen wani aiki da aka shafe kusan shekaru 68 ana yi, wanda a cikinsa aka ƙera motoci fiye da miliyan 2. Sunan Land Rover yana nan da daraja, kuma motocinsa na yau suna cikin masu tsada a duniya. Sai dai kasuwar da ta fara yi masa suna, wato gonaki da dazuzzuka da hanyoyin karkara na Afirka da Ostireliya, ta daɗe da komawa hannun wani kamfanin. Yadda hakan ta auku darasi ne ga masu ƙera kaya, da wakilan da ke sayar da su, da kuma duk ɗan kasuwar da ke shirin zuba jarinsa a kan motar aiki.

Asalin motar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, baƙin ƙarfe ya yi ƙaranci a Birtaniya, har gwamnati ta riƙa raba shi ga masana'antu gwargwadon kayan da kowace ke fitarwa waje don samo kuɗin musaya. Wannan tsari ya ƙuntata wa kamfanin Rover, domin ƙananan motoci masu tsada yake yi, waɗanda ba su da masu saye da yawa a ƙetare. Babban mai zayyana na kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey na yankin Wales, inda yake aiki da wata tsohuwar motar Jeep ta sojan Amurka. A cikin shekarar 1947, shi da wansa Spencer Wilks, wanda shi ne manajan daraktan kamfanin, suka yanke shawarar ƙera irinta domin manoma.

An yi jikin motar da alminiyam, wanda yake a wadace saboda aikin ƙera jiragen sama na lokacin yaƙi, aka kuma yi sassan jikin a miƙe domin a guje wa sayen manyan injunan lanƙwasa ƙarfe. An nuna ta a karon farko a bikin baje kolin motoci na Amsterdam a ƙasar Holan, ran 30 ga watan Afrilu na 1948, a kan farashin fam 450. Injinta mai lita 1.6 ne, tayoyinta huɗu duka suna ja, kuma an yi mata mahaɗar da za a iya juya injin ban ruwa ko na sussuka da ita. Nufin kamfanin shi ne ya rage asara da ita na ɗan lokaci kafin al'amura su daidaita, amma cikin 'yan shekaru cinikinta ya wuce na ƙananan motocin Rover.

A shekarar 1957 aka fara sa mata injin dizal, a 1958 kuma aka fito da samfuri na biyu wanda ya zo da inji mai lita biyu da kwata. Yawan waɗanda aka ƙera ya kai rabin miliyan a 1966, ya cika miliyan ɗaya a 1976, kuma akasarinsu ƙasashen waje aka kai. A Nijeriya, jami'an mulki da En'e da 'yan sanda da sojoji da malaman gona da likitocin dabbobi duk da ita suka riƙa shiga ƙauyukan da babu kwalta. Daga bisani kamfanin Leyland ya harhaɗa ta a masana'antarsa ta Ibadan, a zamanin da gwamnati ta jawo Peugeot zuwa Kaduna, Volkswagen zuwa Legas, Steyr kuma zuwa Bauci.

Yadda kasuwa ta suɓuce

A shekarar 1967 kamfanin Rover ya shiga ƙarƙashin Leyland, a 1968 kuma aka haɗa su da wasu kamfanoni aka kafa British Leyland. Wannan babban kamfani ya yi fama da yajin aiki da asara, har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi a 1975. Land Rover na cikin sassan da ke kawo riba, amma ba a mayar da isasshen jari a kansa ba. Samfuri na uku da ya fito a 1971 bai bambanta sosai da na 1958 ba, masana'antar kuma ba ta iya biyan buƙatar masu saye, saboda haka mutum kan ba da oda ya yi ta jira. Masu tafiyar da kamfanin sun ɗauki wannan jira a matsayin alamar ƙarfi, alhali kuwa ƙofa ce suka buɗe wa abokin gasa.

Kamfanin Toyota na Japan ya ƙera motarsa ta daji a 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Samfurin da ya fitar a 1960, wanda aka ci gaba da yi har 1984, yana da inji mai silinda shida da ya kusa lita 4, mai jure doguwar tafiya da kaya masu nauyi. Bugu da ƙari, Toyota ya kula da abin da Land Rover ya yi sakaci a kansa, wato kai mota a kan lokaci, da kafa wakilai, da tabbatar da cewa kayan gyara suna kusa da mai mota. A Ostireliya, inda Land Rover ya taɓa mamaye kasuwa, manoma da kamfanonin haƙar ma'adinai suka juya ga motar Japan.

Farkon shekarun 1980 ya ƙara dagula lamarin. Darajar fam ta hau, ƙasashen Afirka kuma suka shiga matsin bashi da ƙarancin kuɗin musaya. A Nijeriya an soma tsuke bakin aljihu a 1982, sannan aka karya darajar naira a 1986, abin da ya durƙusar da masana'antun harhaɗa motoci masu dogaro da sassa daga waje. Ya zuwa 1987, yaƙin da dakarun Cadi suka gwabza da na Libiya a hamada sai aka riƙa kiransa da sunan Toyota, saboda motocin da sojojin Cadi suka yi amfani da su. A shekarar 2019 Toyota ya ba da sanarwar cewa yawan Land Cruiser da ya sayar ya wuce miliyan 10.

Daga hannu zuwa hannu

Abin da ya ceci Land Rover shi ne sauya irin masu sayen da yake nema. Motar Range Rover, wadda aka fito da ita a 1970 da inji mai silinda takwas, ta haɗa ƙarfin motar daji da jin daɗin motar birni. An kai ta kasuwar Amurka a 1987, aka biyo ta da Discovery a 1989, da Freelander a 1997, da Range Rover Sport a 2005, da Evoque a 2011. Ribar da ake samu a kan mota guda ta masu hannu da shuni ta ninka wadda ake samu a kan motar manomi, saboda haka kamfanin ya karkata can.

Farashin da aka riƙa sayar da kamfanin da kansa yana nuna wannan sauyi. A 1988 British Aerospace ya sayi rukunin Rover baki ɗaya daga gwamnati a kan fam miliyan 150. A 1994 kamfanin BMW na Jamus ya biya fam miliyan 800. A shekarar 2000 BMW ya sayar wa Ford na Amurka sashen Land Rover kaɗai a kan kimanin fam biliyan 1.8. A 2008 kuma Tata Motors na Indiya ya sayi Land Rover da Jaguar tare a kan dala biliyan 2.3, kuɗin da bai kai rabin abin da Ford ya biya a kan su biyun ba. Ford ya sayar ne yana cikin matsi, Tata kuma ya sha wahala a shekarar farko saboda rikicin tattalin arzikin duniya, kafin kasuwar ƙasar Sin ta buɗe ta mayar da cinikin mai riba.

Sabuwar Defender da ta shiga kasuwa a 2020 a ƙasar Silobakiya ake ƙera ta, kuma in ban da suna da siffa, kaɗan ne ya haɗa ta da tsohuwar.

Abin da masu motar ke gani

Masu Land Rover kashi biyu ne, kuma matsalolinsu sun sha bamban. Mai tsohon samfuri yana da mota mai sauƙin fahimta. Sassan jikinta da kusoshi aka ɗaure su, ana iya kwance ɗaya a sa wani, kuma bakanike na gefen hanya yana iya taɓa injinta da kayan aiki na yau da kullum. Sai dai ƙarfen gindin da aka ɗora jikin a kansa baƙin ƙarfe ne, yana yin tsatsa ko da jikin alminiyam yana nan garau, musamman a wuraren da ke da laima ko kusa da teku. Yoyon mai, da matsalar wayoyin lantarki, da karyewar sandar da ke juya tayoyin baya idan an yi lodi fiye da ƙima, duk sanannun abubuwa ne a wurin masu ita. Irin wannan mota tana yawan neman ƙananan gyare-gyare, amma ba kasafai gyaran ke fin ƙarfin aljihu ba.

Mai sabon samfuri kuwa yana da mota mai ƙarfi da laushin tafiya, wadda na'urori masu ƙwaƙwalwa ke sarrafa kusan kome a cikinta, tun daga inji da giya har zuwa jakunkunan iskar da ke ɗaga ta ko sauke ta. Idan ɗaya daga cikinsu ta samu matsala, sai an jona motar da kwamfuta kafin a gano inda cutar take, kuma sau da yawa canja sashen ake yi ɗungurungum. Injunan dizal na zamani suna da matatar hayaƙi mai toshewa idan man ba shi da tsabta, ko kuma idan gajerun tafiye-tafiye na cikin gari kawai ake yi da motar. Binciken da kamfanin J.D. Power ke gudanarwa duk shekara a Amurka, dangane da yawan matsalolin da masu motoci ke kai ƙara a kansu bayan shekaru uku da saye, ya sha sanya Land Rover a sahun ƙasa.

Lissafin mallakar mota

Kuɗin da mota ke ci wa mai ita kashi huɗu ne: kuɗin saye tare da na kwastan da rajista, kuɗin mai da gyara da inshora, asarar ranakun da take kwance a gareji, da kuma faɗuwar darajarta a ranar da za a sayar. Yawancin masu saye na farkon kaɗai suke dubawa.

Alal misali, a ƙaddara motoci biyu, da alƙaluman da aka zaɓa domin bayani kawai. Ta farko an saye ta naira miliyan 30, gyaranta yana cin miliyan 3 a shekara, bayan shekaru biyar aka sayar da ita miliyan 10. Ta biyu an saye ta miliyan 40, gyaranta miliyan ɗaya da rabi a shekara, aka sayar da ita miliyan 24. Ta farko ta ci miliyan 20 na faɗuwar daraja da miliyan 15 na gyara, jimla miliyan 35. Ta biyu ta ci miliyan 16 da miliyan bakwai da rabi, jimla miliyan 23 da rabi. Wato wadda ta fi araha a ranar saye ta fi tsada da naira miliyan 11 da rabi, tun ba a sa kuɗin hayar wata motar a ranakun da take kwance ba. Ga ɗan kwangilar da ke da wa'adin kammala aiki, ko mai sayen amfanin gona da ke tseren kaka, waɗannan ranaku kan fi kuɗin gyaran ciwo.

Canjin kuɗi ma yana da nasa rabon. Kafin watan Yuni na 2023 ana sayar da dala a hukumance a kan kimanin naira 460, a cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Sashen mota na dala 500 da aka saya naira 230,000 ya koma naira 750,000 ba tare da mai ƙera shi ya ƙara ko sisi ba. Motar da kowane sashenta sai an yi odarsa daga waje tana ɗaure mai ita da farashin dala na tsawon shekarun da zai riƙe ta.

Saboda haka, kafin a biya kuɗin motar daji ko wace iri ce, sabuwa ko 'yar Kwatano, ya kamata mai saye ya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya tambayi farashin sassan da suka fi lalacewa da kuma ko suna nan a ƙasa. Ya kamata ya san ko akwai bakanike mai na'urar gwajin irin motar a garin da za ta yi aiki, ya nemi takardun gyaran da aka yi mata a baya, ya kuma sa a duba ƙarƙashinta. Motocin da aka yi domin kasuwar Birtaniya sitiyarinsu a dama yake, alhali Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilu na 1972, kuma juya sitiyari aiki ne da kan taɓa birki da wayoyin lantarki.

Ga masu ƙera kaya da wakilansu, tarihin ya nuna cewa layin masu jira ba ya daɗewa idan wani ya zo da kaya a hannu da kayan gyara a kusa. Ya kuma nuna cewa buƙatar da kamfani ya bari ba ta gushewa. Bayan an daina ƙera tsohuwar Defender, attajirin nan na Birtaniya mai kamfanin sinadarai na Ineos, Jim Ratcliffe, ya zuba jarinsa wajen ƙera mota mai irin siffarta da ake kira Grenadier, wadda aka fara fitarwa daga wata masana'anta a Faransa a shekarar 2022, domin masu sayen da Land Rover ya bari a baya.