Sukari da Ciwon Baya: Tabarma Ba Ta Warkarwa

Mafi yawan masu ciwon sukari da nake gani a ɗakin gashin ƙashi ba sukarin ne ya kawo su ba, baya ne. Daga Unguwar Tudu, Getso, Kutama da Lakwaya har Garo ta ƙasar Kabo, labarin kusan iri ɗaya ne. An gwada jini an ce sukari ya hau, an rubuta magani, an ce a rage ƙiba a riƙa motsa jiki. Mutum ya koma gida, ƙugu ya riƙe, 'yan'uwa su ce ya kwanta ya huta. Ya kwanta sati biyu, ya kwanta wata guda, ana kawo masa abinci har shimfiɗa, ga na 'yan dubiya kuma, ga lemon kwalba. Kafin ya dawo asibiti tumbi ya ƙaru, sukari ya ƙara hawa, bayan kuwa bai saki ba. Sai ya ce mini, "Malam, wane motsa jiki zan yi, ni da sunkuyon alwala ma da ƙyar nake yi?"

Tambayar tana kan hanya. Amma kwanciyar nan da ake ɗauka magani, ita ce ke tsawaita jinyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma a kusan kashi 90 cikin ɗari ba a samun karaya ko wata muguwar cuta a ƙashin. Tsoka ce da jijiya da gaɓoɓi suka gaji suka ƙage. Irin wannan bayan, hutun yini ɗaya ko biyu lokacin da ciwon ke tsananinsa ba laifi, amma daga nan kowane kwana a kwance tsokar da ke riƙe ƙugu yake ƙara sakwarkwatarwa. A watan Disamba na 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idojinta kan ciwon bayan da ya daɗe. Ta sa motsa jiki cikin abubuwan da ake yi wa majiyyaci, ta kuma ce kada a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu, wanda mu a nan mutum zai sayar da akuya ya saya yana ganin ya gama da ciwon. A 2024 kuma aka fitar da sakamakon wani bincike a Ostireliya kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya da ƙafa sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harkokinsu, sauran kuwa kwana 112. Tafiya ce haɗe da wayar da kai, ba na'ura, ba allura.

Tafiyar nan kuma ita sukari ke so. Abincin da muka ci yana narkewa ya zama sukari a jini, kuma tsoka, musamman ta cinya da ɗuwawu, ita ce rumbun da ke ɗibar mafi yawansa. A jikin mai ciwon sukari na manya, sinadarin insulin da ke buɗe ƙofar rumbun ba ya aiki yadda ya kamata. Sai dai tsokar da ke motsi tana buɗe ƙofar da kanta, ba ta jiran insulin. Wannan amfanin yakan kai yini ɗaya zuwa biyu sannan ya tafi, shi ya sa likitocin sukari ke cewa kada a jera fiye da kwana 2 ba a motsa ba. Wanda ya kwashi tafiya mai nisa ranar kasuwa ya zauna sauran kwana 6 bai yi abin da ake nema ba.

Lokacin tafiyar ma da muhimmanci. Masu bincike a Jami'ar Otago ta Niyu Zilan sun nuna a 2016 cewa minti 10 bayan kowane cin abinci ya fi sauke sukarin bayan abinci a kan minti 30 a dunƙule, kuma bambancin ya fi fitowa bayan abincin dare. Ni a ganina wannan kamar don mu aka gano shi, domin mu da dare muke cin mai nauyi. A ci tuwon masara malmala biyu, a wanke hannu, a kishingiɗa, barci ya zo. Ga mai ciwon baya kuwa wannan tsarin rahama ne, tun da wanda ba zai jure rabin awa ba zai jure minti 10.

Don haka abin da nake ce wa mutum shi ne: "Baba, kada ka fara da abin da zai ba ka tsoro. In minti 5 bayanka ke ɗauka, yi 5, bayan karin kumallo, bayan na rana, bayan tuwon dare. Duk sati ka ƙara minti ɗaya ko biyu." Da rarrafe yaro kan tashi. Inda ake son kaiwa shi ne minti 150 a sati, wato kamar minti 30 sau 5, da saurin da za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Ko an yi wata uku kafin a kai nan ba a makara ba. Wanda ya saba sallar Isha'i a masallacin ƙofar gida, ya riƙa zuwa na gaba, da fitila a hannu.

Batun zafi shi ne inda mutane ke tsayawa, don haka bari in dakata a kai. Ba kowane zafi ne alamar ɓarna ba. Idan ka yi tafiya bayan ya ɗan yi tsami, amma kafin washegari ya koma yadda yake, ka ci gaba. Idan ya kwana ya wuni yana ƙaruwa, ka yi yawa, sai ka rage rabi, ba ka daina ba. Zafin da ke sauka daga ƙugu ya bi cinya har ƙafa kamar lantarki, yana ƙara nisa in ana tafiya, wannan a tsaya a zo a duba. Akwai kuma dattawan da tafiya a miƙe ke sa ƙafafunsu nauyi, da sun zauna ko sun ɗan duƙa sai ya saki. Su keke ya fi musu. Tsohon keken da aka jingine a zaure tun ranar da aka sayi babur, a sa masa iska.

Matan aure da ba sa fita sukan ce mini, "To ni ina zan je?" Hajiya, tsakar gida ta isa. Daga bakin zaure zuwa madafi, a je a dawo har minti 10 su cika, da rediyo a kunne. Kishiya ko suruka ta yi dariya kwana biyu, rana ta uku ta biyo ki. A haɗa da abu uku, sau 2 ko 3 a sati. A zauna kan kujera mai tsayi a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 8 zuwa 10. A kwanta rigingine a tabarma, a lanƙwashe gwiwoyi tafin ƙafa na ƙasa, a ɗaga ɗuwawu a hankali a sauke. Sannan a wannan kwanciyar a karkata gwiwoyi dama da hagu. Shara da guntuwar tsintsiya da wanki a duƙe aiki ne, amma baya suke ci. A sa wa tsintsiya sanda, a ɗora baho a kan turmi ko benci.

Manoma kuwa da tasu hujjar: "Ni da nake wuni da fartanya za a koya wa motsa jiki?" Da damina gaskiyarsu ne. Matsalar tana farawa bayan an kai dawa da gyaɗa gida. Wanda ba shi da fadamar rani sai ya koma majalisa, daga benci sai babur, shayi da madara da sukari cokali huɗu, cin abinci kuwa na lokacin huɗa bai ragu ba. Sau da yawa a watannin nan nake ganin sukarin ya hau. Ruwan farko na sauka kuma sai a faɗa gona da bayan da ya yi wata shida bai yi aiki ba, ya riƙe a satin farko.

Yanzu ƙiba. Zan faɗi abin da ba a son ji: tafiya kaɗai da wuya ta rage nauyi, a kwano ake rage shi. Abin da rabin awa na tafiya ke ƙonawa, robar lemo guda mai 50cl ta mayar da shi har da riba, domin sukarin da ke cikin mafi yawansu ya haura ƙaramin cokali 10. A fara da abin sha: lemo, sukarin shayi da na koko da na fura, da zuma, wadda wasu ke cewa ba ta hawar da sukari alhali tana hawarwa. Sannan malmala biyu ta koma ɗaya, a cike gurbin da miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, wake, ƙwai ko kifi in hali ya yi. Tuwon alkama da ake kira abincin masu sukari, in aka cika kwano da shi, shi ma sukari yake zama.

Ba a neman mutum ya koma kamar kara. Mai kilo 90 ya sauke 5 zuwa 7 cikin 'yan watanni, za a gani a awon jini, a hawan jini, a gwiwa. A Amurka, binciken da aka fitar a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. A Birtaniya kuma, binciken Roy Taylor da Mike Lean na 2017 ya nuna kusan rabin masu ƙiba da ba su daɗe da ciwon ba, sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara guda ta tsauraran matakan rage nauyi. A ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi, kada wani ya ji wannan ya ajiye maganinsa. Wanda ba shi da sikeli ya sami igiya ya auna tsayinsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa ta wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, akwai aiki.

Abin da ya fi tuwo wuyar ragewa shi ne bakin mutane. Magidanci ya sauke kilo 4 sai a fara "Lafiya kuwa, Alhaji?", a ce uwargida ba ta kula da shi. Ku faɗa wa iyali tun farko cewa da gangan ne. Sai dai a rarrabe: wanda ke ramewa ba tare da ya rage ci ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsarin dare, wannan sukari ne ke cin sa, asibiti zai je. Kuma masu sukari da yawa a ƙauyukanmu sirara ne. Su ba rage nauyi ake nema musu ba, tsoka ake so su gina.

Kafin a ɗaura takalmi, a tambayi wanda ya rubuta magani wane iri ne. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari ƙasa. Glibenclamide da allurar insulin suna iya yi, musamman in an yi tafiya ciki ba komai. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, yunwa kwatsam, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin: a tsaya, a sha ruwa da sukari babban cokali ɗaya ko a ci dabino biyu zuwa uku, a jira minti 15 a sake awo. Dabinon ya zauna a aljihu kullum. In kuma awo ya haura 250 jiki ba daɗi, ga amai ko kasala, ranar ba ta tafiya ba ce. Da azumi a mayar da tafiyar bayan buɗa-baki; tarawihi da zuwa masallaci suna cikin lissafi.

Ƙafa kuma ita ce abin da na fi jin tsoro. Sukari kan kashe jijiyar ji, mutum ya taka ƙaya ko kututturen kara bai sani ba sai gyambo ya buɗe. Ba a tafiya ba takalmi, ba a yi da silifas, a sami rufaffe mai taushi, a zazzage shi kafin a sa. Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, wanda ba ya iya duƙawa jika ya duba masa. Da hunturu a shafa mai saboda faso, kuma kada a miƙa ƙafa bakin wuta wajen jin ɗumi.

Sai haɗin maganin ciwon baya da ake saya a kemis ko wajen masu talla a kasuwa, ƙwaya huɗu biyar a leda ba suna. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Ciwon ya lafa, mutum ya yi ta godiya, sukari kuwa ya yi sama, fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni. Diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha suna taɓa ƙoda, wadda dama sukarin ke nema. A kawo ledar asibiti a nuna, ba wanda zai yi faɗa.

Akwai ciwon bayan da duk wannan bayanin bai shafa ba. Wanda ke tare da zazzaɓi, gumin dare da rama, ko wanda ke hana barci ko an kwanta, ko ƙashin bayan ya fara fito da ƙusumbi, yana iya zama tarin fuka na ƙashi, kuma mai sukari ya fi sauran mutane haɗarin tarin fuka ninki 2 zuwa 3. A je Babban Asibitin Gwarzo a yi gwaji. Idan kuwa ƙafa ta fara shanyewa, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin ruwan tsarki, jijiyoyin ƙasan baya ne suka matse, kuma awoyi ake lissafawa, ba kwanaki ba. Kada a biya ta wajen mai ɗori ko mai ƙaho. A nemi mota a ranar, a kama hanyar Kano, a nufi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a tafi da katin asibiti da duk magungunan da ake sha.