Amsoshin Tambayoyinku: Daga Kwalejin Shekara Biyu Zuwa Jami'a a Amurka, Ina Hanyar Take?

TAMBAYA: Ni 'yar Zangon Kumasi ce, amma mun daɗe da iyalina a unguwar Bronx ta birnin Niyok. 'Yata ta fari ta gama sakandare bana, ta shiga ɗaya daga cikin kwalejojin al'umma na jami'ar birni, wato CUNY, domin nan ne ƙarfinmu ya kai. Burinta ta zama akanta. Tun da 'yan'uwa suka ji, wasu ke ta cewa ai wannan ba jami'a ba ce, ɓata shekaru kawai za ta yi. Ita kuma ta ce min bayan shekara biyu za ta wuce jami'a ta ƙarasa. Malam, gaskiya ne? Digirinta zai zama ɗaya da na wanda ya fara jami'a tun farko? Me ya kamata mu yi tun yanzu?

Daga wata uwa a Bronx

AMSA: Hajiya, Allah Ya raya mana ita, Ya sa albarka a karatunta. Ki kwantar da hankalinki, 'yarki gaskiya ta faɗa miki. Ranar da ta ƙarasa, kwalin da za a miƙa mata sunan jami'ar da ta gama ne zai ɗauka, irinsa ɗaya da na wanda ya shiga tun ajin farko.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1901 aka buɗe kwalejin Joliet kusa da Shikago, wadda ake ɗauka ita ce mafi tsufa a irin waɗannan kwalejoji na gwamnati, kuma dalilin kafa ta shi ne yaro ya yi shekara biyun farko na jami'a kusa da gidansu. A jiharku ta Niyok, Eileen Collins daga kwalejin al'umma ta Corning ta fara, ta wuce jami'ar Syracuse, daga baya a 1999 ta zama mace ta farko da ta jagoranci kumbon Amurka zuwa sararin samaniya. Masu karatunmu na Najeriya za su gane abin da sauri, domin ya yi kama da mai difiloma ko NCE da ke shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun JAMB.

Sai dai akwai bambanci babba. A Amurka ba shekaru ake ƙirgawa ba, kiredit ake ƙirgawa, kuma wannan kiredit ɗin ba irin na jarrabawar WAEC ba ne. Awo ne na karatu: yawancin kwasa-kwasai kowanne kiredit 3 ne, ƙaramin digiri na shekara biyu kimanin kiredit 60, babban digiri kuwa kimanin 120. To duk maganar wucewa jami'a ta tsaya ne a kan tambaya ɗaya: cikin 60 ɗin nan da ta tara, nawa ne za su bi ta?

A nan ne zan gaya miki abin da ya sa ban ce 'yan'uwanki ba su da hujja ko kaɗan ba. Cibiyar binciken kwalejojin al'umma da ke jami'ar Columbia ta nuna cewa kusan ɗalibai 80 cikin 100 da ke shiga waɗannan kwalejoji suna da niyyar yin babban digiri, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke wucewa jami'a, kuma kimanin 16 cikin 100 ne ke riƙe da digirin bayan shekara shida. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, shi ma ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa ɗalibai masu sauya makaranta na asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Ba rashin ƙwaƙwalwa ke jawo wannan ba. Yawanci rashin sani ne da wuri, ga aiki, ga hidimar gida.

Bari in nuna miki inda tulun ke yoyo.

Na farko, irin digirin da ta shiga. Ƙananan digirin nan iri-iri ne. Masu haruffan AA da AS an tsara su ne domin wucewa jami'a. Mai haruffan AAS kuwa an tsara shi ne domin a fita a kama aiki, don haka kwasa-kwasan sana'a sun fi yawa a cikinsa, kuma ba duka jami'a ke lissafa su ba. Wannan ya shafi 'yarki kai tsaye, domin a kwalejoji da yawa kwas ɗin akanta yana ƙarƙashin AAS ne, wanda kuma ke kaiwa jami'a shi ne AS na harkokin kasuwanci. Yarinya za ta ga kalmar akanta ta yi murna ta zaɓa, ba ta san ta shiga motar wani gari ba. Yau ɗin nan ki ce ta buɗe shafinta na makaranta ta nuna miki haruffan.

Na biyu, karɓa daban, amfani daban. Na taɓa zama da ɗan wani aminina a falonsu, ya baza takardar tantance kiredit da jami'a ta aiko masa a kan tabarma, yana ta murna an karɓi kusan duka. Da muka bi layi-layi da biro, sai ga kwas biyar an rubuta a gefensu cewa na zaɓi ne, wato ciko. An karɓe su, amma ba su cike gurbin komai ba a fannin da yake so. Kwas ɗin lissafin da ya yi ma ba shi ne wanda sashen ke buƙata ba. Yaron ya yi shiru, ya ce, "Baffa, ke nan shekara guda ta ƙaru?" Haka kuwa aka yi. Saboda haka tambayar da za ta riƙa yi ba "Za a karɓa?" ba ce. Ta riƙa cewa, "Wane gurbi zai cike a digirina?"

Na uku, maki. Jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar kwas ɗin da aka ci ƙasa da C, musamman a fannin da ɗalibi ya zaɓa, kuma darussan share fage na Turanci da lissafi da ake sa wa wanda bai kai mizani ba ba sa shiga lissafi. Makarantun kasuwanci masu farin jini, irin ta kwalejin Baruch ta CUNY, suna da nasu sharuɗɗan na maki da na kwasa-kwasan da dole a gama kafin a shiga.

Yanzu ga labari mai daɗi. Kasancewarta a CUNY riba ce, domin kwalejojin al'umma bakwai da manyan kwalejoji goma sha ɗaya duk gida ɗaya ne. Tun 2013 suke bin wani tsari mai suna Pathways, wanda ya ware kiredit 30 na ilimin bai-ɗaya, irin su rubutun Turanci da lissafi da kimiyya. Wanda ya cike gurbi a nan, ya cike shi a duk kwalejojin. Wanda kuma ya gama AA ko AS a cikin gida an lamunce masa gurbi a ɗaya daga cikin manyan kwalejojin, ko da yake ba lallai wadda ya fi so ba, ba kuma lallai sashen da ya fi so ba. Suna da shafin intanet mai suna Transfer Explorer, inda za ta rubuta lambar kwas ta ga yadda Lehman da ke nan Bronx, ko Hunter, ko Baruch za ta lissafa shi, tun kafin ta yi rajista.

Ga masu 'ya'ya a wasu jihohi, kowace da nata tsarin. A Kalifoniya rassa shida na babbar jami'ar jihar suna ba da lamunin gurbi da ake kira TAG, amma Berkeley da UCLA da San Diego ba sa ciki. A Fulorida wanda ya gama AA a kwalejin gwamnati yana da lamunin shiga ɗaya daga cikin jami'o'in jihar. Abin lura shi ne lamunin nan ba ya tsallake iyakar jiha, kuma jami'o'i masu zaman kansu kowace da hukuncinta.

To me za ku yi tun yanzu? Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A wannan zangon karatun na farko ta zaɓi jami'a biyu ko uku da take hari, ta sauke jerin kwasa-kwasan digirin akanta na kowace, sannan ta ɗauki jerin ta je wurin jami'in da ke ba da shawara kan wucewa jami'a. Daga ƙarshe ake tsara farko: abin da jami'a ke nema shi zai gaya mata abin da za ta ɗauka gobe. Kada ta ɗage lissafi zuwa ƙarshe, domin kwasa-kwasansa jere suke, wani ba ya buɗuwa sai an gama wani. Ta kuma adana takardar manhajar kowane kwas da malami ke rabawa a ranar farko. In jami'a ta ƙi lissafa wani kwas, da wannan takardar ake ɗaukaka ƙara, kuma sau da yawa ana dacewa.

Ki lura da wannan lissafin kuma. Makaranta na kiran mai kiredit 12 cikakken ɗalibi, amma 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Mai son gamawa a shekara biyu sai ya ɗauki 15 kowane zango, ko ya cike da karatun hutun bazara. Shawarata kuma ta gama ƙaramin digirin kafin ta wuce. Lamunin gurbi ya fi ƙarfi ga wanda ya gama, kuma ko rayuwa ta zo da wani abu, tana da kwali a hannu. Takardar neman wucewa a CUNY bisa al'ada ana son ta shiga kafin 1 ga Fabrairu ga mai son farawa a kaka, wato tana tsakiyar shekara ta biyu za ta cike.

Batun kuɗi, a 'yan shekarun nan kuɗin karatu na mazaunin birni a kwalejin al'umma ta CUNY dala 4,800 ne a shekara, a manyan kwalejoji kuwa dala 6,930. In tana da takardun zama da suka cancanta, ta cike takardar neman tallafi ta FAFSA kowace shekara domin tallafin Pell na tarayya, da TAP na jiha. Amma Pell zango 12 kawai ake ba ɗalibi a rayuwarsa, don haka duk zangon da ya tafi a kwas marar amfani, daga rabon jami'a aka yanke shi. Ta tambayi shirin ASAP, wanda ke taimakawa da kuɗin mota da littattafai, ya kuma ba ɗalibi jami'in shawara nasa na kansa. In makinta ya yi fice, ta shiga ƙungiyar hazikai ta Phi Theta Kappa, ta kuma nemi tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke, wanda ke kaiwa dala 55,000 a shekara. Ga waɗanda suka zo da bizar karatu ta F-1, ba su da Pell, kuma dole tsohuwar makaranta ta miƙa bayanansu na rajistar ɗaliban waje, wato SEVIS, ga sabuwa, a ba su sabuwar takardar I-20.

Saura naki rabon, Hajiya, kuma ba ƙarami ba ne. Yawancin 'ya'yanmu mata a ƙasar nan su ne tafintan gida, su ne masu raka ƙanne asibiti, su ne masu riƙe shago ranar Asabar. Duk wannan ladabi ne, amma kiredit 15 na cin lokaci kamar cikakken aiki. Ki sassauta mata a makonnin jarrabawa. In ta shiga jami'a kika ga makinta ya ɗan sauka a zangon farko, kada ki tsorata, abu ne da aka saba gani ga masu sauya makaranta: aji ya fi girma, karatu ya fi zurfi, abokai sababbi. Yawanci suna farfaɗowa.

Masu surutu kuwa, ba sai kin yi musu da kowa ba. Ki zauna da ita a daren nan, ku duba haruffan digirinta, ku rubuta sunan jami'ar da take so, ta nemi ganin jami'in shawara a makon nan. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya nuna mana ranar da za ki rubuto ki ce ta karɓi kwalinta.