MAI-WA'AZI DA SHARHIN JERIN KARATU A CIKIN WAYA

Karatu: Nehemiya 8:1-12; Luka 4:14-30

Darasinmu na wannan wata a kan wani kayan aiki ne wanda ya shigo hannun masu-wa'azi da yawa, watau littafin sharhi mai bin jerin karatun Lahadi, wanda a ke buɗewa a cikin manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki, ko a kwamfuta ko a waya. Kayan aiki ne mai kyau. Amma kowane ma'aikaci ya san fartanya mai kaifi ta kan sare ciyawa, ta kan sare gero kuma idan mai riƙe da ita bai lura ba.

Mene Ne Jerin Karatu?

Jerin karatu tsari ne wanda ya nuna wurin da za a karanta a cikin Maganar Allah kowace Lahadi. Karatu a gaban jama'a ba sabon abu ba ne. A majami'ar Antakiya ta Bisidiya sai da aka karanta Attaura da Annabawa tukuna aka ba Bulus dama ya yi magana (Ayyukan Manzanni 13:15). Bulus kuma ya gargaɗi Timotawus ya lizimci karatu a gaban jama'a (1 Timotawus 4:13).

Tsarin shekara uku wanda ekklesiyoyi da yawa su ke bi ya fito daga Ekklesiyar Katolika a 1969, bayan babban taronsu na Batikan na Biyu. Waɗansu ekklesiyoyi na Amurka da Kanada suka ɗauki wannan tsari suka gyara shi, suka fitar da nasu a 1983, suka sāke gyara shi a 1992 da sunan Revised Common Lectionary. A Shekara A ana bin Bisharar Matta, a Shekara B ta Markus, a Shekara C ta Luka. Bisharar Yohanna kuwa an rarraba ta cikin shekarun nan uku, galibi a lokacin Azumi da na Ista. Kowace Lahadi tana da karatu huɗu: Tsohon Alkawari, Zabura, Wasiƙa, da Bishara. A makonnin Ista Ayyukan Manzanni ya kan ɗauki wurin Tsohon Alkawari.

Ga hanya mai sauƙi ta sanin shekara. Idan lambar shekara ta rabu uku ba saura, Shekara C ke nan. Saboda haka 2025 Shekara C ce, 2026 A, 2027 B, 2028 kuma C. Sai dai a tuna shekarar ekklesiya ba a watan Janairu ta ke somawa ba. Tana somawa Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti. Shekara A ta 2026 ta soma ran 30 ga Nuwamba, 2025.

Sharhi Iri Biyu Ne

Akwai sharhin da ke bin Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, sura bayan sura. Irinsa ne Africa Bible Commentary wanda aka buga a 2006, malaman Afirka saba'in suka rubuta, Tokunboh Adeyemo ya shugabanci aikin. Akwai kuma sharhin da ke bin ranakun jerin karatu. Sananne a cikinsu shi ne Feasting on the Word, littafi goma sha biyu, huɗu domin kowace shekara, an buga su a Amurka daga 2008 zuwa 2011. A kan kowane karatu akwai bayani huɗu: na tauhidi, na kiwon jama'a, na fassarar nassi, da na yadda za a yi wa'azi. Watau Lahadi ɗaya tana da bayani goma sha shida.

Dā mutum zai bukaci kanta guda domin ajiye waɗannan littattafai. Yanzu manhaja irin su Logos ta kan ɗauke su duka, ta nuna maka karatun ranar, ta buɗe Littafi Mai Tsarki a gefe ɗaya da sharhi a ɗaya gefen. Wannan alheri ne, mu gode wa Allah. Baban nan na Habasha ma ya ce wa Filibus yana bukatar wanda zai bishe shi cikin karatun Ishaya (Ayyukan Manzanni 8:30-31). Ba kunya ba ce mai-wa'azi ya nemi taimakon malamai.

Amma ga abu ɗaya wanda na ke so kowa ya riƙe. Irin wannan sharhi an shirya shi ne a kan ayoyin da jerin karatu ya yanko. Inda jerin ya soma nan ya kan soma, inda ya tsaya nan ya kan tsaya. Maganar Allah kuwa ta fi yankin nan faɗi.

Abin da Ya Same Ni

Ran 26 ga Janairu, 2025, ita ce Lahadi ta uku bayan Idin Bayyanuwa a Shekara C. Karatun ranar su ne Nehemiya 8:1-3, 5-6, 8-10, Zabura 19, 1 Korintiyawa 12:12-31, da Luka 4:14-21. Ran Asabar ɗin muna da jana'iza, ban zauna ba sai da dare ya yi nisa. Na ɗauki waya, na buɗe sharhi, na tsallake bayanin nassi na tafi kai tsaye wurin shawarar wa'azi. Na tsinci kawunan magana uku masu daɗi, na rubuta, na kwanta. Ban buɗe Luka sura 4 na karanta ta har ƙarshe ba.

Da safe na yi wa'azi a kan yadda Yesu ya koma Nazarat garinsu, ya karanta Ishaya a majami'a, ya shaida musu nassin ya cika a ranar. Baki ya ɗauke ni, har na ce wa jama'a duk wanda ya kai bishara gidansu da aminci, mutanensa za su karɓe shi da murna kamar yadda aka zuba wa Yesu ido a Nazarat.

Bayan sujada wani dattijon ekklesiya, wanda ya koyi karatu da tsohuwar fassarar nan ta 1932, ya jira har mutane suka ragu. Sai ya ce, "Pasto, sannu da aiki. Amma ina sauran labarin?"

Na ce, "Baba, jerin karatu a aya 21 ya tsaya. Sauran na Lahadi mai zuwa ne."

Ya ce, "To, yaron nan da ya zauna a bencin baya fa? Ka san danginsa sun juya masa baya saboda ya bi Yesu. Jibi zai tafi cirani, Lahadi mai zuwa ba ya nan. Yau ka koya masa cewa laifin nasa ne da ba a karɓe shi ba."

Jikina ya yi sanyi. Gama daga aya 22 zuwa 30 labarin ya juya. Yesu ya tuna musu da gwauruwar Zarefat a zamanin Iliya, da Na'aman mutumin Suriya a zamanin Elisha, baƙi ne dukansu biyu. Mutanen garinsa suka fusata, suka fitar da shi bayan gari domin su jefa shi daga kan dutse. Wannan ita ce ta'aziyyar da yaron ya ke bukata, cewa Ubangijinsa ya riga shi shan wannan ƙoƙo. Da yamma na je masauƙinsa, muka karanta surar tare har ƙarshe, na roƙe shi gafara.

Laifin ba na jerin karatu ba ne, gama ya ajiye Luka 4:21-30 domin mako na gaba. Ba na sharhi ba ne kuma, gama ban karanta shi duka ba. Laifin nawa ne. Na ɗebi ruwa a tulun wani, ban je rijiya ba.

Koyarwa daga Ayoyin da Aka Tsallake

Ku dubi karatun Nehemiya na wannan rana. An tsallake aya 4 da aya 7, ga alama domin sunaye ne masu wuyar faɗi. Amma ku buɗe ku gani. Aya 4 ta nuna Ezra a tsaye a kan dakalin itace, da mutum goma sha uku tare da shi, shida a dama, bakwai a hagu. Aya 7 kuma ta ambaci sunayen waɗansu goma sha uku waɗanda suka taimaki jama'a su fahimci Attaura. Ezra ya karanta tun da sassafe har tsakar rana a filin da ke gaban Ƙofar Ruwa, masu-bayani kuma suna aikinsu.

Ga tsarin da Allah ya nuna mana. Littafi ne aka buɗe da fari, jama'a suka miƙe tsaye saboda shi. Masu-bayani suka biyo baya. Ba su tsaya a madadin Littafin ba, hidima suka yi masa. Matsayin sharhi ke nan. Shi Balawi ne mai taimako, ba shi ne Attaura ba.

Yadda Za Ka Yi Aiki da Shi

1. Ka tabbatar da rana da shekara. Ekklesiyoyi irin su Katolika da Anglika da Lutheran suna da karatun da shugabanninsu suka tsara, kuma ba kullum ya ke daidai da wanda ke cikin manhaja ba. Ka gwada abin da ke cikin waya da takardar ekklesiyarku. Ka lura kuma, bayan Fentikos tsarin 1992 yana da hanya biyu ta karatun Tsohon Alkawari: ɗaya tana bin labari a jere mako mako, ɗayar tana zaɓen wurin da ya dace da Bisharar ranar. Ka san wadda ku ke bi, da wadda sharhinka ya bi.

2. Ka soma ran Litinin, kada ka bari sai Asabar da dare. Ka yi addu'a, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka ido.

3. Ka karanta surar duka cikin Hausa da murya, sau uku, sharhi yana rufe. Ka karanta abin da ya riga karatun da abin da ya biyo baya, da kowace aya da aka tsallake. Idan ka taɓa karatun ranar a manhaja ta nuna maka yankin kaɗai, ka buɗe Littafi Mai Tsarki cikakke a gefe.

4. Ka rubuta abin da ka gani da tambayoyinka a takarda tukuna. Hausawa sun ce, da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

5. Sa'an nan ka buɗe sharhi. Ka soma da bayanin nassi, ka bar shawarar wa'azi ta zama ta ƙarshe. A Logos ana iya haɗa tagar Littafi Mai Tsarki da ta sharhi domin su riƙa tafiya tare. Amma ka lura, nassi ɗaya ya kan fito a rana fiye da ɗaya cikin shekarun uku, saboda haka ka duba kan shafin ka tabbata bayanin ranarka ne ka ke karantawa.

6. Ka gwada shi da sharhi mai bin sura sura, domin shi ne zai yi maka bayanin ayoyin da aka bari.

7. Ka auna abin da ka karanta da Nassi, kamar mutanen Biriya (Ayyukan Manzanni 17:11). Marubutan daga ɗarikoki dabam dabam su ke, ba kowace magana tasu za ta yi daidai da shaidar bangaskiyar ekklesiyarku ba. Misalansu kuma na ƙasarsu ne. Mai rubutu a Amurka a watan Janairu yana ganin ƙanƙara ta taga, kai kuwa jama'arka suna fama da hunturu da ƙura, matasa suna tafiya cirani. Ka nemo misali daga gona da kasuwa da tsakar gida. Zanen aro ba ya rufe katara.

8. Ka saukar da littattafan cikin waya tun da sauran lokaci, domin kada rashin intanet ya tsai da kai. Ka kuma hau mumbari da Littafi Mai Tsarki na takarda, gama batir ya kan mutu.

Dukan Nufin Allah

Jerin karatu yana da babban amfani. Yana hana mai-wa'azi ya yi ta zagaya ayoyi biyar da ya fi so shekara da shekaru. Yana sa jama'a su bi rayuwar Yesu daga haihuwa zuwa gicciye da tashi kowace shekara. Yana kuma haɗa mu da 'yan'uwa a ƙasashe masu nisa waɗanda ke jin karatu ɗaya da mu a rana ɗaya. Duk da haka bai ɗauki Littafi Mai Tsarki duka ba. A karatun Lahadi na tsarin 1992 babu Obadiya, babu Nahum, babu wasiƙar Yahuza. Littafin Mahukunta sau ɗaya kaɗai ya fito, a labarin Debora. Abin da jerin bai ɗauka ba, sharhinsa ma ba zai yi bayaninsa ba.

Bulus ya iya ce wa dattawan Afisa ba shi da alhakin jinin kowa, domin bai ɓoye musu komi na nufin Allah ba (Ayyukan Manzanni 20:26-27). Saboda haka a taron addu'a na tsakiyar mako, da na zumuntar mata, da na matasa, mu ɗauki littattafan da aka bari mu bi su sura sura. Ranar da za mu ba da lissafi, ba za a tambayi waya ba. Makiyayi za a tambaya.

Tambayoyi domin Tattaunawa

1. Wace shekara ce a tsarin karatu 2027, kuma wace Bishara za a bi?
2. Mene ne Nehemiya 8:7-8 ya koya mana game da aikin mai-bayani?
3. Wa ke cikin jama'arka wanda ya ke bukatar jin Luka 4:22-30?
4. Wane littafi ne ba ka taɓa yin wa'azi daga cikinsa ba? Yaushe za ka soma?

Aya ta haddacewa: Nehemiya 8:8

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin malaman da ka tayar, da kayan aikin da ka sa a hannunmu. Ka tsare mu daga ƙyuya. Ka sa mu fara zama a gaban Maganarka kafin mu tsaya a gaban jama'arka, domin kada wani ya koma gida da rabin gaskiya ta dalilinmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.