Ruwan Tiga Da Mutanen Fadamar Haɗeja

A darasin tattalin arziki an koya mana cewa kowane aiki yana da riba, yana kuma da tsada. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wa ke cin ribar, wa kuma ke biyan tsadar? Bari mu ɗauki kogi ɗaya mu bi shi daga sama har ƙasa, za mu ga amfanin wannan tambaya.

A shekarar 1974 aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Lokacin ƙasar Arewa tana fama da fari mai tsanani, don haka ba wanda zai ce tara ruwa ba dabara ba ce. A 1992 aka ƙara ta Challawa. Amfaninsu a fili yake. Birnin Kano yana shan ruwansu, manoman rani na Kadawa da Kura kuma suna noma tumatir da alkama da shinkafa a watannin da dā sai zaman kashe wando.

To, amma kogi ba ya ƙarewa a inda aka tare shi. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma yakan gamu da na Jama'are a babbar fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, daga nan ruwan ya bi Kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Rayuwar mutanen wannan fadama ta dogara ne ga ambaliya. Ruwa ya zo da damina, ya malale, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. In ya janye, a yi noma a danshin da ya bari, Fulani su sami ciyawar rani, rijiyoyi su cika ta ƙarƙashin ƙasa.

Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu. Abin mamaki kuma, wasu wuraren yawan ruwa ne ya cuce su. Tun da ana sakin ruwa daga madatsun rani da damina, hanyoyin da dā suke bushewa da rani sun daina bushewa. Sai ciyawar kachalla ta sami wurin zama, ta toshe su. Ruwa ya karkata, ya kwanta a gonakin wasu ƙauyuka shekara da shekaru, waɗansu kuwa ko ɗigo ba ya kai musu. Cikin kachallar nan ne tsuntsayen jan-baki suke fakewa, su fito su cinye hatsi.

A nan darasin yake. Buhun tumatir da ya isa kasuwa yana da farashi, jami'i zai iya rubuta shi a takarda. Kifin da masunci ya kai wa iyalinsa, da ciyawar da saniya ta ci, da kabar da mace ta saƙa tabarma da ita, yawancinsu ba sa shiga littafin kowa. Abin da ba a rubuta ba kuwa, da wuya a tuna da shi ranar yanke shawara. A ganinmu kuskuren ba gina madatsar ba ne, lissafin ne aka tsayar da shi a iyakar Kano.

Sai a 2006 jihohi shida masu raba wannan ruwa, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, suka yi taro a Damaturu, suka amince da kafa asusu don kula da shi tare. Shekara 32 ke nan bayan Tiga.

Maganar ba ta mutu ba. An daɗe ana shirin tare Kogin Jama'are a Kafin Zaki cikin Jihar Bauchi, an fara aikin an bari. Manoman Bauchi suna da hujjar son ta. Mutanen Gashuwa da Gaidam kuwa sun san cewa yawancin ruwan da yake isa ƙofarsu daga Jama'are yake fitowa.