Kafin Annoba Ta Sauka a Bakin Ruwa: Abin da Ƙaramin Asibiti Zai Ara Daga Manya

Wajen shigowar shekarar 2020 aka kai wata mai juna biyu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka yi mata tiyata. Ba a gano zazzaɓin Lassa ne a jikinta ba sai bayan cutar ta riga ta kama waɗanda suka yi aikin, har likitoci biyu suka rasu. Wannan fa asibiti ne mai manyan likitoci da ɗakunan gwaji. To ina ga ɗan asibitin sha-ka-tafi na Libata ko Utono, inda malamin asibiti ɗaya ne ke yankan kati, shi ke duba mara lafiya, shi ke ɗaura ƙarin ruwa?

Da an ambaci asibitin cututtuka masu yaɗuwa, hankali kan tafi Asibitin Zana na Kano, ko Amanawa a Sakkwato, ko cibiyar Kalgo inda Jihar Kebbi ta killace masu korona a 2020, ko kuma Irrua ta Jihar Edo da ta yi suna kan Lassa. Duk cikinsu babu na kusa da mu mutanen bakin ruwa na ƙasar Yauri. Wanda zazzaɓi ya kayar a wata tunga ta bakin tafkin Kainji, kafin ya ga ƙofar irin waɗannan wurare ya riga ya bi ta hannun matarsa, da mai kemis, da mai jirgi da fasinjojinsa, da ɗan acaɓa, da nas ɗin da ta fara taɓa shi a Wara ko Yauri. A tsakanin waɗannan hannaye ake tare annoba, a nan kuma take kuɓucewa. Abin daɗin shi ne, yawancin abin da manyan asibitocin ke yi ba na'ura yake bukata ba, tsari ne. Ana iya ararsa.

Na farko shi ne tantancewa a bakin ƙofa. A asibitin da ya shirya, ba a barin kowa ya faɗa layin ganin likita sai an auna zafin jikinsa an yi masa 'yan tambayoyi. Teburi ne ɗaya a ƙarƙashin rumfa, da ma'aunin zafi, da bokitin wanke hannu mai famfo, da mutum guda wanda aikinsa ke nan. Kwana nawa da fara zazzaɓin? An sha maganin maleriya bai sauka ba? Akwai ciwon makogwaro, ko amai, ko kumburin fuska, ko jini daga dasashi ko hanci? A gidanku akwai mai irin wannan ciwo, ko wanda ya rasu da shi kwanan nan? Ka yi tafiya cikin makonni uku da suka wuce? Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke aiki da shi a kan Lassa shi ne zazzaɓin da ya kai digiri 38, ya yi kwana uku ko fiye, ya kuma ƙi jin maganin da aka saba bayarwa.

Akwai tarko a nan, kuma mu mutanen bakin ruwa ya fi kamawa. Sauro bai bar kowa ba a ƙasar Yauri, saboda haka idan aka gwada jini sau da yawa za a ga maleriya. Sai malamin asibiti ya saki jiki, ya ce ai an gano ciwon. Alhali mutum na iya ɗauke da maleriya da Lassa a lokaci guda. Idan an ba da cikakken maganin maleriya, kwana biyu zuwa uku jiki bai yi sanyi ba, kada a ce taifod ce a sake buɗe wani kwalin allurai. A koma kan tambayoyin nan. Kuma kada a jira ganin jini, domin yawancin masu Lassa ba sa zubar da jini, waɗanda suke yi kuma sai ciwon ya yi nisa. Mai ciki da ta zo da zazzaɓi da zubar jini, ita ce za a fi yi wa taka-tsantsan: cutar ta fi tsanani a watannin ƙarshe na ciki, kuma ɗakin haihuwa wuri ne da jini ke fantsama. Ungozoma ta riƙe wannan.

Idan zargi ya tabbata a zuciyar mai tantancewa, sai killacewa. Ba sai an gina sabon sashe ba. Ɗaki ɗaya ya isa, mai tagogin da ke buɗuwa, a gefen asibiti, da nasa bokitin bahaya da nasa kofi da kwano da ma'aunin zafi, kada ko ɗaya ya fito. Manyan cibiyoyi kan raba wurin biyu, ɓangare mai tsabta da ɓangaren cuta, ana shiga ta nan a fita ta can, ba a komowa baya. Ko da igiya da alli ana iya shata wannan iyaka. A rataye littafi a ƙofa, duk wanda ya shiga a rubuta sunansa da lokaci. Sai dai a zaɓi ɗakin tun yanzu, a kwashe tsofaffin katifu da kwalayen da aka jibge a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace cuta da hanyarta, kariyar ma haka. Lassa ta jini da amai da fitsari da bahaya take bi, sai a tsare hannu da ido da baki. Ƙyanda da korona ta numfashi suke bi, sai takunkumi da buɗe tagogi, yaron da ya zo da ƙuraje da jan ido kuma a janye shi daga cikin sauran yara nan take. Shawara sauro ne ke ɗaukar ta daga mai ciwo ya kai wa mai lafiya, kuma sauron da rana yake cizo, don haka mai ita ya kwanta cikin gidan sauro dare da rana. Dukkansu bairos ne, kafso da allurar taifod ba sa taɓa su.

Ruwan kashe ƙwayoyin cuta kuwa, a koyi haɗa shi da ka. Ɗauki Jik ko Hypo, ka duba jikin robar. Idan ƙarfinsa 3.5 cikin ɗari ne, gwangwani ɗaya na bilic a cikin gwangwani shida na ruwa zai ba ka haɗi mai ƙarfi. Shi ne na jini da amai da bahaya da daɓen ɗaki. Idan mara lafiya ya yi amai a ƙasa, kada a rugo da tsintsiya. A rufe wurin da tsumma, a kwarara haɗin a kai, a bar shi kamar minti 15, sannan a kwashe da safar hannu mai kauri. Daga wannan haɗin ne za a ɗebi gwangwani ɗaya a zuba cikin gwangwani tara na ruwa, a sami mai sauƙi, na jiƙa zannuwa da kwanuka da ɗauraye hannu idan babu sabulu. A zuba su a bokitan roba masu murfi, launi daban-daban, a rubuta a jiki, a ajiye a inuwa. Kullum safe a zubar da na jiya a haɗa sabo, domin ƙarfinsa gudu yake yi ko da warin na nan.

Rigar kariya ma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Sanya ta ba wuya. Wurin cirewa ne ma'aikata suka fi kwasar cuta, lokacin da mutum ya jiƙe sharkaf da zufa a zafin watan Maris, ya ƙagu ya sha iska, sai ya kai hannu ya share goshi. Shi ya sa a cibiyoyin Lassa ba a barin ma'aikaci ya tuɓe shi kaɗai. Wani na tsaye nesa kaɗan yana faɗa masa: wanke safar, cire ta waje, naɗe rigar ta ciki ta koma waje, kada ka taɓa gaban takunkumin, kama shi ta igiya, sake wanke hannu. Asibitin da ke da riguna a sito amma ba a taɓa gwada wannan ba, a ganina bai shirya ba. A riƙa gwaji ko sau ɗaya a wata, kuma a sa masu shara da masu wanki da direba a ciki. Su ne ke ɗaukar bokitin amai, su ne kuma ake mantawa da su ranar horo.

Sai waya. Kowace ƙaramar hukuma, har da Ngaski da Yauri da Shanga, tana da jami'in sa ido kan cututtuka wanda ake kira DSNO. Lambarsa ta kasance a rubuce a bango, ba a wayar mutum ɗaya da ka iya tafiya hutu ba. Akwai kuma 6232, layin NCDC na kyauta. Zargi kaɗai ya isa a kira, ba sai an tabbatar ba. Jami'in ne zai shirya ɗibar jini yadda ya dace, a rufe shi cikin mazubi uku, a tura shi cikin sanyi zuwa ɗakin gwajin da aka amince da shi. Gaggawar tana da dalili: maganin ribabirin da ake ba masu Lassa an fi sa ran amfaninsa idan an fara shi cikin kwana shida na farko, kuma jinkiri ne ke kai mutum ga lalacewar ƙoda.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne rubuta takarda a ce wa dangi su kai shi Birnin Kebbi. Sai su nufi tasha, a cusa mara lafiya cikin motar haya, ya yi ta amai daga Yauri har Koko har Jega a tsakiyar mutane. Kada a yi haka. A riƙe shi a ɗakin killacewa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a jira motar da hukuma za ta turo. Ga na tsibirai da tungaye kuwa, shugaban asibiti ya zauna da Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirage tun kafin bukata ta taso, a san jirgin da zai ɗauko mara lafiya shi da mai jinya ɗaya kawai, a san wanda zai biya kuɗin mai, a tanadi leda mai faɗi ta shimfiɗawa da jarkar haɗin wanke jirgin.

Bayan nan sai bin sawu. Lokacin da wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola ranar 20 ga Yulin 2014, Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma cutar ta yi ajalinta. Daga nan ma'aikata suka bi mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, gida-gida, kowa kwana 21 ana auna zafin jikinsa. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar. Takarda da biro da ƙafa ne suka yi yawancin wannan aiki. A wurinmu wahalar ita ce ruwa bai san iyakar jiha ba. Wanda ya yi jinya a Zamare yau, gobe yana Rofiya a Jihar Neja, mai haƙar zinariya kuma ya koma garinsu. A rubuta sunaye tun ranar farko, da sunan tunga da na mai unguwa, a sanar da jami'an tsallake.

Ku kuma 'yan'uwan mara lafiya, ga naku. Mutum ɗaya ya yi jinya, ba a yi ta karɓa-karɓa ba. Zazzaɓin da ya ƙi sauka, a daina zagayen kemis ana tsira masa allura. A ba shi farasitamol, a guji asfirin da diklofenak da ibuprofen, don suna ƙara zubar jini suna kuma wahalar da ƙoda. A faɗa wa malamin asibiti gaskiya ko da an sha jiƙo ko an je wurin mai magani. Kuma kada a sace mara lafiya da dare a gudu da shi gida. Na san abin da ke kawo hakan. Tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, mutanen Arewa ke ɗari-ɗari da duk ɗakin da aka hana su shiga. Maganin wannan yana hannun asibiti: a bar dangi su ga ɗan'uwansu ta taga, su gaisa, su kawo abinci, a riƙa gaya musu halin da ake ciki safe da yamma. A kuma yi bayanin da harshen da suke ji. Akwai dattijuwar da sai da Kambarci ko Gunganci magana za ta shige ta. Inda aka bar mutane cikin duhu, jita-jita ce ke cike gurbin, kamar ta wanka da shan ruwan gishiri da ta karaɗe ƙasar nan a 2014 har aka rasa rayuka.

Idan ajali ya zo, gawar mai Lassa ko Ebola tana yaɗa cuta, kuma wanka ne mafi haɗari. Wannan magana da liman da fasto za a yi ta tun ana zaman lafiya, ba ranar da makoki ya cika gida ba. Malamai sun san hukuncin lalura. Ma'aikatan da aka horar su shirya gawar, dangi su tsaya kusa su gani, a yi salla, a binne cikin mutunci.

Lokacin shirin shi ne da zarar an gama girbi, domin Lassa ta fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da aka ƙone daji ɓeraye suka dawo gida. Fitsarinsu da kashinsu a kan abinci ne mafarin cutar. Shinkafa da rogo da ake shanyawa a gefen titi, da kifin banda da ake barin sa a buɗe, a ɗaga su daga ƙasa, a rufe. Yara su bar farautar ɓera. Siton asibiti ma a toshe ramukansa. Shawara da ƙyanda kuwa suna da rigakafi, ana yi wa yaro tun yana wata tara, ta shawara sau ɗaya ce har ƙarshen rayuwa. Kebbi na cikin jihohin da aka tabbatar da shawara a ɓarkewar da ta faro daga Kwara a 2017, don haka ma'aikacin lafiya ma ya duba ko shi kansa ya yi.

Wanda ya warke daga Lassa, a dawo da shi a gwada jinsa, domin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga ciwon kan sami matsalar kunne, wasu ta wuce bayan 'yan watanni, wasu ta zauna. Magidanci kuma a gaya masa a keɓe cewa ƙwayar cutar kan daɗe a maniyyi har wata uku, ya yi haƙuri da iyali ko ya yi amfani da kwaroron roba. Sannan a ba shi takardar sallama mai hatimi ya nuna wa mai unguwa, don kada a guji rumfarsa a kasuwa ko a hana shi shiga jirgi.