Yadda Ake Auna Ingancin Gwajin Manhajar da Kamfani Ya Gada

A duk lokacin da wani kamfani ya sayi wani, ko bankuna biyu suka haɗe, kamar yadda bankin Access ya haɗe da Diamond a shekarar 2019, akan ƙididdige gine-gine da basussuka da ma'aikata. Abin da ba a cika bincika ba shi ne manhajar kwamfutar da ake gudanar da harkokin da ita, wadda sau da yawa waɗanda suka rubuta ta sun daɗe da barin aiki. Karɓar irin wannan manhaja ba tare da sanin yadda ake gwada ta ba, cinikin biri ne a sama.

Gwaji mai sarrafa kansa wasu ƙananan umarni ne da ake rubutawa domin kwamfuta ta riƙa jarraba manhajar da kanta, ta kuma yi ƙorafi idan sakamako ya saɓa wa abin da aka sa rai. Inda babu shi, kowane gyara na iya ɓata wani sashe ba tare da an farga ba.

Abin da ya sami kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya isa darasi. A cikin manhajarsa akwai wani tsohon sashe da aka daina amfani da shi tun 2003, amma ba a cire shi ba. A 2005 an yi gyaran da ya shafe shi, ba a kuma sake gwada shi ba. Ranar 1 ga Agusta, 2012, bayan an ɗora sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutoci bakwai daga cikin takwas, ta takwas ɗin ta tayar da tsohon sashen, ya shiga saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya tafka asarar kusan dala miliyan 440, kuma a 2013 aka haɗe shi da kamfanin Getco.

Saboda haka, wajibi ne magajin manhaja ya nemi amsar tambayoyi huɗu. Na farko, shin gwajin yana tashi da kansa duk sa'ad da aka taɓa manhajar, ko kuwa sai wani ya tuna? Minti nawa yake ɗauka? Gwajin da ke cin yini guda, ma'aikata kan tsallake shi idan aiki ya matsa.

Na biyu, wane sashe gwajin ya taɓa? Injiniyoyi kan ba da adadi, misali kashi 80 cikin 100 na layukan manhajar. Sai dai wannan adadi yana nuna layukan da aka bi ta kansu ne kawai, ba ya tabbatar da cewa an duba sakamakonsu. Hanya mafi inganci ita ce a saka kuskure da gangan a kwafin manhajar, kamar a sauya lissafin haraji, a ga ko gwajin zai kama. Idan ya yi shiru, ba shi da amfani a wurin.

Na uku, gwaje-gwaje nawa aka kashe, kuma nawa ne ke wucewa yau su faɗi gobe alhali ba a canza komai ba? Irin waɗannan ne ke koya wa ma'aikata yin watsi da gargaɗi.

Na huɗu, a duba rajistar kurakuran da suka kai ga abokan ciniki. Shin kowane gyara ya zo da sabon gwajin da zai hana kuskuren dawowa?

Akwai ma'aunin da ake kira TMMi, wanda ya kasa kamfanoni mataki biyar, daga na farko inda ake gwaji babu tsari, zuwa na biyar inda ake hana kuskure tun kafin ya auku.

Idan bincike ya nuna rauni, sake rubuta manhajar baki ɗaya ya fi tsada da haɗari. Abin yi shi ne a fara rubuta gwajin da zai adana yadda take aiki a yanzu, musamman sassan da kuɗi ke bi, sannan a soma gyara. Kuɗin wannan aiki kuwa, kamata ya yi mai saye ya zaftare shi daga farashi kafin a rattaba hannu.